Dikko da Bajimin da Ba Ya Faɗuwa

Duk wanda ya saba shiga tashar motar Bebeji ya san Dikko, ko da bai san sunansa ba. Shi ne Bafulatanin nan mai shanyayyiyar ƙafa da ke zama a gindin darbejiya yana tuƙar igiya, sandarsa jingine a kafaɗa. Rumfar da nake awon hatsi tana bayansa, shi ya sa muka daɗe muna shan inuwa ɗaya. Ba mai yawan magana ba ne. Labarinsa ban same shi a zama ɗaya ba: yau ya saki kalma, sai an kwana biyu ya ɗora wata. Sauran na ji shi ne daga bakin mutanen Tudun Wada masu zuwa sayen masara, waɗanda har gobe in sun tuna sai sun riƙe ciki don dariya.

Ban da igiya, akwai abin da ake zuwa nema a wurinsa. Samarin da suka sayo kaset ɗin gem, wato ɗan akwatin robar nan kamar sabulun wanki da ake cusawa a na'ura a haɗa da talabijin a yi wasa, hankalinsu ba ya kwanciya sai Dikko ya taɓa shi. Daga Kiru ake zuwa, daga Yako, har daga Doguwa direbobi kan kawo saƙo. Zai ɗora shi a tafin hannu, ya girgiza a kunne, ya ce na asali ne ko jabu, ya miƙa wa mai shi, ya koma kan igiyarsa. Amma shi da kansa ba wanda ya taɓa ganin ya yi wasan a Bebeji. Abin da ya fara sa ni tambaya ke nan.

An haife shi a wata ruga kudu da Tudun Wada, ta hanyar Doguwa. Ɗan fari ne, shi ya sa ake ce masa Dikko, kuma da ƙafarsa ta tsaya, shi zai riƙe garken ubansu. Shan inna ya kama shi tun bai iya magana sosai ba. Da uban ya rasu, sanda ta koma hannun ƙanensa Buba, shi kuwa aka bar shi a ruga tare da mata da 'yan maruƙa, yana tuƙa dangwalin da ake ɗaure su. Duk abin da ya mallaka a garken karsana ce guda, ja mai farin goshi, jikanyar saniyar da aka nuna masa ranar suna.

Matar Buba, Baturiya, ita ke ba shi abinci. A al'ada matar ƙane kunyar wan miji take ji, ko idonsa ba ta kallo. Baturiya kuwa sai kowa ya ci ya suɗe, sannan ta turo masa ƙwarya da ƙafa.

“Hamma, ga naka,” haka take ce masa, da sunan da Fulani ke kiran wa. “In bai isa ba ka tashi ka tatso.”

Ranar kasuwa yakan hau jaki ya bi masu tallan nono zuwa Tudun Wada ya sayar da igiya. A can ya haɗu da Maikano, wani mutumin garin da ya yi 'yan shekaru a birni wurin mai gyaran rediyo, ya dawo da zaƙin baki. A shekarar da aka yi wahalar man fetur ya kafa rumfar zana a bayan layin mahauta, ya ajiye talabijin marar kala, da batirin mota, da na'urar gem mai madanni biyu. Ka biya, ka zauna, ka yi wasa har ɗan mutuminka ya mutu, ka tashi ka ba wani.

Wata ranar kasuwa da damina ruwa ya kece, Dikko ya ja ƙafa ya fake a rumfar. Mudi, wani mahauci mai ƙaton ciki da baki kamar reza, ya hango shi.

“Kai, ku ba Agwai ya taɓa! Bari mu ga ko tatsar ta zai yi.”

Agwai sunan da ake tsokanar Fulani da shi ne. Aka danƙa masa madannin don a yi dariya. Yatsun da suka girma a kan murza rama ba su sha wuya ba, kafin ruwa ya ɗauke ya gane kan abin. Ɗan mutumin da ke cikin gilashin ya ruga, ya tsallake rami, ya dire a kan ƙafa biyu. Dikko ya ce mini ranar ce ya fara sanin yadda gudu yake.

Kafin a yanke gero babu kaset ɗin Maikano da bai kai ƙarshensa ba. Wannan bai yi wa Maikano daɗi ba, don mutane sun daina biya su yi wasa, sai su tsaya su kalli gurgu kyauta. Sai ya tafi Kano ya dawo da wani baƙin kaset.

Rubutun da ke cikinsa ba boko ba ne, ba ajami ba, don haka 'yan rumfa suka raɗa wa komai suna da kansu. Ɗan mutumin mai takobi ne. Ya ratsa daji, suka ce Falgore ke nan. Ya haye ruwa, suka ce Tiga. Ya hau duwatsu, suka ce Riruwai. A ƙarshe ya shiga wani gidan ƙarfe, ya tarar da wata halitta mai ƙaho biyu tsaye a gaban rufaffiyar ƙofa. Ita suka kira Bajimi.

Maikano ya hau kan benci ya ɗaga murya.

“Jama'a, ku zama shaida! Duk ɗan da uwarsa ta haifa ya kayar da Bajimin nan, ƙofar can ta buɗe, na ba shi na'ura, da talabijin, da batir. Ya kwashe ya tafi, ni in koma gyaran rediyo.”

“Ko gurgu?” in ji Dikko.

“Ko gurgu, ko makaho!”

Dikko ya koma ruga yana juya maganar a zuci. A Doguwa ba mai irin wannan rumfa. Zai kafa tasa, ya ci daga kwanon da ya saya da kansa, ya rabu da ƙwaryar da ake turowa da ƙafa. Iyakar burinsa ke nan, kuma bai gaya wa kowa ba.

Abin da bai sani ba shi ne, wanda ya sayar wa Maikano kaset ɗin ya gaya masa gaskiya tun a Kano: jabu ne, kuma Bajimin da ke cikinsa ba ya mutuwa, ko aljani ne ya riƙe madannin. Maikano ya raɗa wa Mudi a kunne. Abin da Mudi ya ji kuwa layin mahauta ya ji, abin da mahauta suka ji kasuwa ta ji. Mutum ɗaya aka bari a duhu.

A saman gilashin akwai wani ɗan layi mai nuna ƙarfin Bajimi. Dikko zai yi ta sara, layin na raguwa, na raguwa, har ya koma kamar tsinken sakace. Rumfa ta yi tsit, kowa ya toshe baki. Sai layin ya cika fal kamar ba a taɓa shi ba, Bajimi ya tunkuye ɗan mai takobi, a koma Falgore. Nan ne rumfa ke fashewa da dariya.

“Bafulatani, sa ya gagare shi!”

“Ka yi masa fulatanci mana, ko ya ji!”

“Saura kaɗan, Agwai. Yau kam har ya fara tangaɗi, ni na gani da idona.”

Maikano ya ƙara benci, ya faɗaɗa zana, ya sa 'yan kallo su ma su riƙa biya. Mai shayi ya matso da teburinsa. Malam Balarabe, wakilin sarkin kasuwa, dattijo mai carbi, an ware masa wuri a bencin gaba, ba ya biyan komai. Shi ba ya ƙyaƙyatawa, sai dai ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa.

Kowa ya zama mai ba da shawara. Wani ya ce ya sari ƙahon hagu kaɗai. Wani ya ce kada ya ci komai ranar, hannu ya fi sauri da yunwa. Wani ya naɗe takardar sigari a fata ya sayar masa a matsayin laya. Mudi kuwa ya kira shi gefe, ya sassauta murya kamar mai son sa.

“Ɗan'uwa, sa sai da sa. Ga matsarmamar bajimin da na yanka yau. Ka shafa a yatsu, ka lashi kaɗan kafin ka fara.”

Dikko ya shafa, ya lasa, fuskarsa ta yamutse don ɗaci, ya zauna ya fara. Wasu sai da suka fita bayan rumfa suka kwanta a ƙasa don dariya.

Ya koma zuwa har ranakun da ba kasuwa ba. Duk abin da igiya ta kawo rumfar Maikano yake shiga. Manyan yatsunsa suka yi ƙulli suka fashe, ya naɗe su da tsumma, tsumman ya jiƙe ya manne a madanni. Bai taɓa ƙorafi ba, bai taɓa tambayar kowa ko akwai wani abu ba, don fulaku, kunyar nan ta Fulani, ya hana shi. In ya faɗi sai ya ajiye madannin a hankali, ya ce, “Sai gobe,” ya ɗauki sandarsa. Wannan shirun ne ya fi ba su sha'awa. So suke su ga ranar da zai yi kuka. Haka aka ci kaka, aka shiga rani.

Gaskiya a ruga ta same shi. Wata rana da la'asar sakaliya ya dawo ya tarar tsohon dangwali ya tsinke, don ya daɗe bai tuƙa sabo ba, ɗan maraƙi ya kuɓuce ya shanye nonon uwarsa. Baturiya ta tare shi tun bai sauka daga jaki ba.

“Hamma, nonon da zan kai kasuwa ya tafi, kai kana can kana dambe da hoto.”

“Ya kusa faɗuwa,” in ji shi. “In ya faɗi kin huta da ni.”

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

“Ya faɗi? Wayyo cikina! Hamma, sa ɗin nan ba ya faɗuwa. Jabu ne. Mai ƙosai ta sani, 'yan garuwa sun sani, mu da ke zama da ƙwaryar nono a bakin kasuwa tun kaka muka sani. Kai ake zuwa kallo, ba talabijin ba.”

Dikko ya juya ya dubi ƙanensa, wanda ke zaune yana gyara takalmi.

“Buba, ka sani?”

Buba bai ɗago ba. “Na ga abin yana rage mana kai a ruga,” in ji shi.

Da wani ne sai ya daina zuwa, ya haɗiye. Dikko ta wata fuska ya ɗauki abin. Maikano ya yi magana a gaban mutane, kuma a tarbiyyar da aka yi masa, maganar da aka faɗa a gaban mutane ba ta komawa ciki. In wannan jabu ne, to akwai na asali a wani wuri, mai Bajimin da ke faɗuwa. A kawo shi, a kayar, alkawari ya cika.

Ya jira ranar da Buba ya tafi suna Doguwa, ya kira dillali tun kafin a saki shanu. Karsanar tana da cikin fari. Da aka ja ta ta turje, ta waiwayo tana kuka, shi kuwa ya juya baya ya kama murza rama har ƙarar motar ta ɓace.

Bai taɓa zuwa Kano ba. Ya ce mini abin da ya fi ba shi tsoro ba motoci ba ne, yadda ba wanda ya kalli ƙafarsa ne. A kasuwar Sabon Gari ya bi layin masu kayan lantarki na gwanjo rumfa rumfa, yana kwatanta ƙaho da yatsu biyu a goshi. Aka yi ta miƙo masa tarkace, kowa na rantsuwa nasa ne na asali. Daga bisani wani ya nuna masa shagon Lawal, wani magidanci mai sayar da tsofaffin kayan da ake kawowa daga waje a kwali. Lawal ya tona, ya tona, ya zaro wani baƙin kaset mai hoton mai takobi, ya ce ga shi.

Dikko bai karɓa ba. “Mu ba ma sayen saniya sai mun buɗe bakinta,” in ji shi.

Lawal ya yi dariya, ya ja masa kujera, ya ɗauko wani na jabu ya ajiye kusa da shi.

“To buɗe. Fara da nauyi. Na asali kamar ƙwai yake, jabu kamar ɓawonsa. Girgiza. Ka ji wannan yana ƙwal-ƙwal? Na ƙwarai ba ya motsi. Ɗaga shi a rana, in haske ya ratsa robar, ajiye. Jiƙa yatsa da yawu ka goga takardar. Ka ga tawadar ta biyo ka? Yanzu haƙora.”

Ya kifa su ya nuna masa jerin ƙarafan da ke shiga bakin na'ura. Na asalin rawaya ne kamar zinariya, a jere daidai. Na jabun fari-fari ne kamar gwangwanin madara, wasu har sun cinye. Sannan ya ɓare na jabun da wuƙa. Maimakon ƙwayoyi masu ƙafafu a jere, ɗan ɗigon baƙin abu ne guda a tsakiya, kamar kashin akuya.

“To me ya hana nasa Bajimin mutuwa?” in ji Dikko.

“Masu yin jabu, abin da suke fara yi shi ne goge sunan masu shi daga hoton farko, don kada a bi sawunsu. Su kuma masu shi sun san da haka, sai suka ɗana tarko a ciki. Wasan da kansa yake duba sunan. In ya ga an goge ba zai ce maka komai ba. Zai bar ka ka ratsa daji, ka haye ruwa, ka zuba ranka, sai ka zo bakin ƙofa ya hana abin mutuwa.”

“Ai ba ni na sata ba.”

“Su ina suka san ka? Tarko ba ya tambayar mai ƙafa.”

Lawal ya kunna masa na'ura ya ce ya gwada har ƙarshe. Dikko ya kalli hoton farko, ya ga suna a inda na Maikano yake fili, ya ce a kashe. Ba ya so Bajimi ya fara faɗuwa sai a gaban mutanen Tudun Wada. Abin da ya rage masa na kuɗin karsana bai wuce ya mayar da shi gida ba.

Ranar kasuwa ya shiga rumfar Maikano. An yi kewarsa, don tun da ya ɓace benci ya zama fayau.

“Agwai ya dawo!” in ji Mudi. “Ku matsa, ku matsa, mai sa ya zo!”

Dikko ya zauna, ya kwance wata 'yar jakar fata daga wuyansa, ya fito da kaset ɗin ya miƙa. Maikano ya ɗora shi a tafin hannu, ya kifa ya dubi haƙoran, fara'arsa ta ɗauke. Ya ce batir ya yi sanyi yau. Amma 'yan kallo sun riga sun biya, kuma sun ɗauka wani ne ya sake damfarar gurgu a Kano, suna so su ga sabon salo. Suka yi ta ihu a sa, a sa. Malam Balarabe ma ya ce daga bencin gaba, “Sa masa mana, Maikano.”

Falgore, Tiga, Riruwai, duk ya wuce su kamar mai bin hanyar gida. Wanda ya yi watanni yana faɗa da abin da ba ya mutuwa, mai mutuwa ba ya ba shi wuya. Layin ya ragu, ya koma tsinken sakace, mutane suka toshe baki suna jiran lokacinsu. Sai layin ya ƙare. Bajimi ya durƙusa ya watse. Ƙofar ta buɗe, ɗan mai takobi ya shiga wani fili mai ciyawa ya tsaya, rubutun da ba mai iya karantawa ya yi ta hawa sama, hoto ya koma farko.

Ba wanda ya tafa.

“Af,” in ji Mudi. “Shi ke nan?”

Wani daga baya ya ce, “A mayar mana da wancan, ya fi daɗi.”

Dikko ya ajiye madannin a hankali kamar yadda ya saba. “Maikano, kwance min wayoyin.”

“Wayoyin me? Bajimin nan na ce, na kaset ɗina. Ka je Kano ka sayo raggon bajimi, ka yanka shi a rumfata, ka ce in ba ka dukiyata?”

“Naka jabu ne. Ba ya faɗuwa, kuma ka sani.”

“Jabu ko ba jabu ba, shi na nuna da yatsa. Jama'a, ƙarya na yi?”

Rumfa ta amsa baki ɗaya cewa gaskiya ne.

Dikko ya ce a kai magana gaban wakilin sarkin kasuwa. Malam Balarabe ya tashi daga bencin gaba, ya koma rumfarsa, ya gyara rawani, ya zauna a kan buzu, ya saurari kowa kamar yau ya fara jin labarin. Ya daɗe yana jan carbi.

“Kai Dikko, kana biya kafin ka yi wasan?”

“Ina biya, ranka ya daɗe.”

“Da niyyar ka ci abin da ya fi wanda ka zuba?”

“Da niyyar alkawarin da ya yi.”

“To sunan wannan caca. Caca kuwa ba ta haifar da haƙƙi. Wanda ya ci da wanda aka ci duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kai Maikano, ka kiyaye bakinka nan gaba. Kai kuma ka je ka yi istigfari, ka gode Allah da bai ba ka haram ba.”

Dikko ya ɗago kai. Sannan ya faɗi maganar da ta fi kowace tsawo a bakinsa ranar.

“Ranka ya daɗe, tun kaka kake bencin gaba. Ba ka gan ta caca ba sai yau da ya faɗi.”

Malam Balarabe ya ce tun da rashin kunya ya zo yi, kada a sake ganin igiyarsa a kasuwar. Ana cikin haka Buba ya iso, ya ratsa mutane, ya yar da wani ƙunshi a gaban wansa: tabarma ce da ƙwarya.

“Ka sayar da saniya mai ciki ka sayo hoton sa,” in ji shi da Hausa, don kowa ya ji. “Baturiya ta ce a kawo maka ƙwaryarka, kada ka sha wahalar dawowa.”

Ya kwance jakin ya tafi da shi. Dariyar da aka rasa a rumfa, nan aka same ta.

Washegari da hantsi Maikano ya sami Dikko a barandar masallaci, ya tsuguna, ya gaishe shi da sunansa na gaskiya.

“Dikko, dawo ka ci gaba da tsohon kaset ɗin. Kyauta, har da tuwon rana. Ko sun san ka sani za su zo, ni na san mutanena.”

Dikko ya jawo sandarsa ya miƙe. Ya naɗe tabarma, ya bar ƙwaryar a nan, ya hau mota ya sauka a Bebeji. Kaset ɗin yana wuyansa har yau a jakar fata, baƙi suna ɗauka laya ce. Ba shi da na'urar da zai sa shi.

Da a nan labarin ya tsaya. Amma a damunar bara wani abu ya faru a gabana. Akwai Uba, kwandastan motar Yako, saurayi mai fara'a wanda ke ɗaukar wa Dikko damin igiya zuwa ƙauyuka ba ya karɓar komai, yana kiransa Baffa. Ya zo da gudu, mota na jiransa, ya miƙo wani baƙin kaset.

“Baffa, duba min. Na wani mai rumfa ne a Yako. Na kai ga wani mai ƙaho, na yi, na yi, ya ƙi faɗuwa, kuma na rantse a gaban abokai sai na kayar da shi. Ko dai jabu ne?”

Dikko ya daɗe da shi a hannu fiye da yadda ya saba. Ya auna, ya girgiza, ya ɗaga a rana, ya kifa ya dubi haƙora. Sannan ya miƙa masa.

“Na asali ne. Hannunka ne bai nuna ba. Ka taɓa gwada matsarmamar bajimi?”

Uba ya yi godiya ya ruga. Na jira motar ta tashi, na ce, “Malam Dikko, da gaske na asali ne?”

“Ɓawon gyaɗa ya fi shi nauyi,” in ji shi, bai ɗago daga igiya ba.

Da Uba ya dawo da yamma na ja shi gefe na gaya masa. Ya dafa kafaɗata yana dariya. “Haba Malam, kai mudu ka sani. Baffa ya ce na asali ne.”

Ranar kasuwar Yako na je sarin dawa, sai na ji ihu daga wata rumfar zana. Na leƙa. Uba ne zaune a gaban talabijin, yatsunsa naɗe da tsumma, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Layin da ke saman gilashi ya koma tsinken sakace, sannan ya cika fal. A bencin gaba Dikko ne, sandarsa kwance a cinya. A duk zaman da muka yi ranar na fara jin dariyarsa, kuma ta danne ta kowa. Da ya samu numfashi ya share ido da hannun riga, ya miƙa wuya.

“Saura kaɗan, Uba. Yau kam har ya fara tangaɗi.”